Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya: ginin za a adana ko ilimin maginansa?

Malam Nasiru, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman izinin shugabannin wannan zaure in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Kowa ya ji abin da ya faru ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, lokacin da wani sashe nasa ya rufta a kan masallata ana tsakiyar sallar La'asar, aka rasa rayuka aƙalla 7, wasu kuma suka ji raunuka. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu.

An gina masallacin ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne sarki na uku bayan jihadi, bayan Malam Musa da Yamusa, kuma daga gare shi gidan sarautar Katsinawa na Zazzau ya samo asali. Wanda ya jagoranci aikin shi ne maginin da tarihi ya fi sani da laƙabin Babban Gwani, wasu na kiransa Muhammadu Durugu, wasu kuma Malam Mika'ilu, kuma har yau akwai unguwa a cikin birnin Zariya da ke ɗauke da wannan laƙabi. Ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba: akwai haraba da katanga ta kewaye, akwai zaurukan shiga inda ake alwala, akwai kuma ɗakin shari'a, duk a kusa da fadar sarki. A shekarun 1970 aka yi wa tsohon ginin rumfa da sabon gini na kankare, ya zama na ƙasar yana ciki, na simintin yana waje.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu mu mutanen Jos shi ne, kwafin wannan masallaci yana garinmu, a sashen gine-ginen gargajiya na gidan adana kayan tarihi, wanda ake kira MOTNA, kusa da gidan zu. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ne ya auna na Zariya ciki da waje, sannan aka kawo magina suka tayar da irinsa a nan, tare da kwafin ganuwar Kano. Tambayata ita ce: idan irin wannan gini ya tsufa har ya fara zama barazana ga rai, mene ne wajibinmu a kansa?

Injiniya Bashir, Rikkos:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Amsata a taƙaice take, kuma na san ba za ta yi wa masu son tarihi daɗi ba. Masallacin Juma'a wuri ne da dubban mutane ke taruwa a ƙarƙashin rufi ɗaya kowane mako, saboda haka ma'aunin da za a auna shi da shi ba ɗaya yake da na gidan tarihi ba. Mai Martaba Sarkin Zazzau da kansa ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin faruwar abin, ana shirin kawo injiniyoyi sai ƙaddara ta riga fata. Wannan ya nuna mana yadda tazarar da ke tsakanin ganin alama da ruftawa take iya zama gajeriya a ginin da ya haura shekara 170. Katakon da ke cikin ƙasa ba a ganinsa da ido, yana iya ruɓewa daga inda ya shiga bango alhali fuskarsa tana nan lafiya ƙalau. Ni a ganina, a bar wa gidajen tarihi ginin ƙasa, a gina wa masallata abin da za a iya lissafa ƙarfinsa da alƙalami.

Baba Garba Magini, Gangare:
Injiniya, ɗana, na ji bayaninka, kuma ban ƙi maganar rai ba, domin babu bangon da ya kai ran mutum ɗaya daraja. Sai dai ina so in gyara maka abu guda, kasancewar na gaji wannan sana'a daga mahaifina kafin in koma aikin bulo da kowa ya koma. Abin da ke cikin rufin nan ba katako ba ne irin wanda kake saye a kasuwar 'yan katako. Azara ce, wadda ake tsagawa daga kututturen namijin giginya da ya ƙosa, tana da jijiyoyi baƙaƙe masu tauri, gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba. Aibinta ɗaya ne: ba ta ɗaukar nauyi a dogon zango. Idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kamu huɗu, wato wajen mita 2, sai ta fara lanƙwasa.

To a nan ne gwanintar take. Yaya za ka rufe ɗaki mai faɗin da zai ɗauki sahu-sahu na masallata da itacen da bai wuce wannan zango ba? Magabatanmu suka fito da bakan gizo, wato lanƙwasasshen baka na azara da ƙasa wanda ke ɗaukar rufi. Ana fara dasa azara a jikin ginshiƙi tun daga ƙasa, a ɗan karkatar da ita zuwa ciki, a danne gindinta da ƙasa mai nauyi. Idan ta bushe sai a ɗora wani jeri a kanta wanda ya ɗan zarce na farko, a ɗaure su tam da igiya, a sake lulluɓewa da ƙasa, a sake jira. Haka za a yi ta hawa daga ɓangarorin biyu, gaɓa bayan gaɓa, har su haɗu a sama a kulle su da azarar da ta ratsa tsakiya. Idan baka biyu ko fiye suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansa ake shimfiɗa gajerun azara a jere, a sa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa yadda ruwa zai gangara zuwa indararo. Magini ba ya gaggawa a wannan aiki, domin idan ya ɗora gaɓa ta biyu kafin ta farko ta sha iska, da hannunsa ya shuka ruftawar da za ta zo bayan shekaru.

Shi kansa bangon da tubali ake yinsa, ba irin bulon da ake bugawa a akwati ba. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana, a jera shi kan yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka tattake da ciyawa aka bar ta ta kwana ta tsima. Bango yakan yi kauri sosai a ƙasa, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. Wanda ya je na MOTNA ya tsaya a gindin ginshiƙi ɗaya, ya bi layin bakan da ido daga ƙasa har inda ya haɗu da ɗan'uwansa, zai ga cewa zanen da aka yi a jikinsa bin hanyar azarar yake yi, ba a ɗora shi don ado kawai ba.

Hajiya Rabi, Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni Bazazzagiya ce, aure ne ya kawo ni nan, kuma akwai gidan da na sani da aka yi zaman makoki a cikinsa saboda wannan abu. Don haka ina roƙon 'yan zaure mu riƙa tunawa da cewa akwai marayu da zawarawa a bayan wannan muhawara. Amma duk da haka ba zan ɓoye ba, ranar da na ji labarin na yi kuka iri biyu, na mutanen da kuma na wurin. Tun muna yara muke jin labarin Babban Gwani a bakin kakanni, har da labarin da ake bayarwa cewa bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari an kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Labarin baka ne, amma yana nuna irin girman da mutane suka ba aikinsa.

Malam Nasiru, Unguwar Rogo:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Irin wannan labari na kashe gwani bayan ya gama aiki ana samunsa a ƙasashe da yawa, shi ya sa masana tarihi ba sa dogara da shi. Abin da yake tabbatacce shi ne sunansa ya wuce Zazzau, domin Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a jihar Bauchi shi ake danganta wa, kuma tun 1956 aka sa gidan cikin wuraren tarihi na ƙasa. Wani abin lura kuma shi ne tsohon masallacin ba shi da doguwar hasumiya irin ta Gobarau a Katsina, ko ta Agadas mai tsawon mita 27. Daga waje ba ya ɗaga kai, duk ƙawarsa a ciki take, kuma wannan ya dace da halin malaman jihadi da ba su son alfahari a ginin masallaci.

Malam Auwal, Dilimi:
Bismillah. Ina so in kawo abin da ya shafi shari'a, domin kada a ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai ke da hujja. Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka fara gina shi a Madina, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi bai canja irin kayan ba. Da Sayyidina Usman ya zo sai ya sake shi da sassaƙaƙƙen dutse, ya yi masa rufi da katako mai daraja. Wannan ya ishe mu dalili cewa sake ginin masallaci saboda bukatar jama'a ba laifi ba ne, kuma babu wata ƙasa ko azara da ke da tsarki a karan kanta. Kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don ta tsare, kuma ƙa'idar malamai ce cewa ana gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani. A nan Injiniya yana kan turba.

Sai dai akwai ɗaya gefen. An ruwaito cewa wani halifan Abbasiyawa ya yi niyyar rushe Ka'aba ya mayar da ita bisa harsashin Annabi Ibrahim, Imamu Malik ya hana shi, don kada ɗakin Allah ya zama abin da kowane mai mulki zai rushe ya sake yadda ya ga dama, kwarjininsa ya fita daga zukatan mutane. Ba ina daidaita wani masallaci da Ka'aba ba ne, amma darasin shi ne rushe abin da al'umma ta gada ba ƙaramin hukunci ba ne, ana yinsa ne bayan an tabbatar babu wata mafita.

Bayanin Baba kuma ya tuna mini da wata mas'ala. A mazhabarmu ta Malikiyya an karhanta yin sahu a tsakanin ginshiƙai idan babu larura, saboda suna yanke sahun. Ginin ƙasa kuwa, idan ba a iya bakan gizo ba, dole ne a cika shi da ginshiƙai masu kauri kusa da juna, kamar yadda ake gani a tsofaffin masallatai da yawa na yammacin Afirka. Saboda haka duk faɗin da Babban Gwani ya ƙwato daga hannun ginshiƙai, sahu ya ƙwato wa. Ni a wurina wannan ne babban abin yabo a aikinsa, ya fi zanen jikin bango.

Injiniya Bashir, Rikkos:
Allah ya saka da alheri, Malam. Baba, ban raina aikin magabata ba, kuma yadda ka kwatanta danne gindin azara da nauyi don ta ɗauki abin da ke gabanta, ka'ida ce da muke karantawa a aji. Amma ina nan a kan bakata. Magini nawa ne a yau za su iya duban tsagewa a jikin baka su ce wannan ta fata ce, wannan kuwa ta kai ga ƙashi? Idan babu su, to wa zai sa hannu ya ce mutum dubu su shiga?

Zainab, ɗalibar zanen gine-gine:
Ina gaida iyayena da malamaina. Da izininku zan ɗan tofa albarkacin bakina, domin tambayar Injiniya ta ƙarshe ita ce ainihin maganar a ganina. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun da ke komawa kansa. Babban Masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu na 1907 ne, yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen garin kan fito gaba ɗaya su yaɓe shi, itatuwan da suka tsiro daga bangonsa ma matakala ce ta masu yaɓe. A kan wannan aikin gayya ne yara ke koyon sana'ar, tsofaffin magina kuma ke duba kowane lungu. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, amma ba takardar ce ke riƙe da bangon ba.

Kuma ba sai mun je nesa ba. A garin Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, da irin wannan fasaha ta baka, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, shi ma a Nijar, da tsohon masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, ba a rushe shi ba: an gyara shi an mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo babba a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aikin da mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta jagoranta tare da abokiyar aikinta, aka kammala a 2018. Wannan ya nuna akwai hanya ta uku tsakanin rushewa da kuma cusa dubban mutane a ƙarƙashin tsohon rufi. Ana iya rage wa tsohon gini nauyin taro, a ci gaba da kula da shi, jama'a su yi Juma'a a sabo.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, mu da muke karanta wannan fanni mun fi sanin gine-ginen Rum da na Girka fiye da ɗaurin guga. Zanen da Dmochowski ya bari yana nuna mana tsawo da faɗi, amma ba ya gaya mana kwana nawa ƙasa za ta yi tana tsima, ko yadda ake gane azarar da ta ƙosa. Wannan yana kan mutane irin su Baba ne kawai.

Baba Garba Magini, Gangare:
'Yata Zainab, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Injiniya ya tambaya ko akwai masu gane tsagewa. Akwai, amma mun ƙaranta, kuma yawancinmu mun tsufa. Tsagewar da ta bi fatar yaɓe kamar saƙar gizo-gizo ba ta da haɗari, ta bushewa ce. Wadda ake gudu ita ce wadda ta ratsa baka a gicciye kusa da inda gaɓoɓi suka haɗu, ko wadda ta raba ginshiƙi da bango, musamman idan aka ga garin ƙasa yana zubowa daga cikinta ko aka ƙwanƙwasa wurin aka ji ya yi amon fanko. Wanda ya ga wannan, a ranar zai fitar da mutane ya kafa tokara, ba ya jiran gobe.

Babban makiyin ginin ƙasa ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Indararo ɗaya idan ya toshe da sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro damina guda, ya isa ya kai ga azara. Shi ya sa a da, da zarar kaka ta wuce ake hawa a duba, kafin bazara kuma a gama yaɓe. Kuskuren da na ga an yi a gidaje da yawa, har da waɗanda aka kira ni gyara bayan aikin gama ya gama, shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Mai gida yana ganin ya huta da yaɓe, alhali siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Laima na shiga ta ƙaramar kafa ta kasa fita, ƙasar ta narke a ɓoye, fuskar simintin kuwa tana nan sumul har ranar da za ta ɓanɓaro gaba ɗaya. Nan Jos ma abin ya fi wuya, domin ruwanmu ya fi na Zariya yawa kuma yana zuwa da iska yana dukan bango ta gefe, saboda haka kwafin da ke garinmu ya fi na asalin bukatar hannu.

Hajiya Rabi, Bukuru:
To Baba, me ake shafawa a da wanda yake tare ruwa kuma bai hana bangon shan iska ba? Na tuna ana jiƙa wani abu mai launin makuba a gidanmu idan za a yi daɓe.

Injiniya Bashir, Rikkos:
Kafin Baba ya amsa, ina so in ce shawarar Zainab ta raba tsohon gini da taron Juma'a ita ce wadda zan iya amincewa da ita, da sharaɗi biyu. Na farko, a ƙayyade adadin mutanen da za su shiga tsohon a lokaci ɗaya. Na biyu, a riƙa duba shi a rubuce sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, injiniya da magini tare, kowa ya sa hannu. A kan masallacin da dubbai za su cika kuwa, ra'ayina bai canja ba.

Baba Garba Magini, Gangare:
Na yarda da sharuɗɗanka, Injiniya, in dai za a saurari maginin idan ya yi magana. Hajiya, abin da kika tuna makuba ce da kanta, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta. Ana jiƙa ɓawon har ruwan ya yi duhu, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi ko a yayyafa a kan daɓe ana bugawa, sai ya yi tauri ya yi sheƙi. Wannan na bango ne da ƙasan ɗaki, kuma yana son a sabunta shi bayan 'yan shekaru.

Na kan soro kuwa, inda ruwa ya fi zama, laso ake yi masa. Ana samo katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a ƙona shi a daka ya zama gari. Sai a haɗa da gashin jima da ake kankarewa daga fatun awaki, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi, wadda ake daka saiwarta a jiƙa. Gashin ne ke hana shi tsagewa, dafarar kuma ke riƙe shi. Ana shafa shi da hannu a kan tulluwa da bakin rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman soro, da kewayen indararo, kuma idan an yi shi da kyau yakan kai shekara biyar ko shida kafin a sake. Wahalar yanzu ita ce kayan haɗin: katsi sai inda ake rini a rijiya da baba, irin marinar Ƙofar Mata a Kano, gashin kuma sai an je wurin majema an roƙa kafin su zubar. Zainab, idan kina son rubuta wannan ilimi, ki fara neman waɗannan biyun, ni zan nemo dafara ta hannun masu zuwa daji, sai mu kwaɓa kaɗan a tsakar gidana ki ga yadda kaurinsa yake a hannu.